Shekarun Ɗanlami

Teburin mai shayi a unguwar Nima da ke Accra, ƙasar Gana, bayan la'asar. Alhaji Tanko, mai trotro (ƙaramar bas ta haya) ɗaya tal, ya iso janye da ɗansa Ɗanlami. Lauyan Zango, wanda bai taɓa taka kotu ba sai ranar da aka kira shi shaida, yana tsoma burodi a shayin bashi.

ALHAJI: Lauya, na sallami direbana. Kullum taya ta fashe, kullum an tare shi a hanya. Daga gobe yaron nan zai ja motar. Ka san mutane, a nemo masa lasisi.

LAUYA: Shekarunsa nawa, Alhaji?

ALHAJI: Nawa ake so?

LAUYA: Ba cinikin rago muke ba. Motar gida 18. Motar haya mai ɗaukar fasinja sai 25.

ALHAJI: To 25 ne cif. Dubi ƙafarsa, takalmina ma ba ya shigarsa.

ƊANLAMI: Baba, da sallah da na ce ka saya mini waya, cewa ka yi ɗan 12 ne ni, ko majina ban iya facewa ba.

ALHAJI: Wancan lissafin waya ne, wannan na mota.

LAUYA: Kai Ɗanlami, faɗa da bakinka.

ƊANLAMI: A ina? A filin ƙwallo 13 nake, koci ya ce in riƙa aske gashin baki kafin wasa. A shagon caca kuwa 19.

ALHAJI: Shagon me?

ƊANLAMI: Shagon cajin waya, Baba.

MAI SHAYI: Wayar da ba a saya ba.

LAUYA: Ku tsaya ku ji. Caca an hana ta ga duk wanda bai kai 18 ba, wannan ɗaya. Sannan akwai dokar yara ta 1998, mai lamba 560. A wurinta duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, ko gemunsa na share ƙasa. Daga 13 zai iya ɗan aiki mara nauyi wanda ba zai hana shi makaranta ba. Daga 15 a ɗauke shi aiki ko a kai shi koyon sana'a. Amma babu aikin dare, daga takwas na dare zuwa shida na safe. Babu dakon kaya masu nauyi, babu ramin zinariya, babu shiga teku kamun kifi, sai ya kai 18.

ALHAJI: Ni ina ɗan 9 nake dakon buhun masara!

MAI SHAYI: Shi ya sa ka tsaya a nan, Alhaji. Tsawon ya ƙi gaba.

ƊANLAMI: Lauya, aure fa?

LAUYA: 18, namiji da mace. Ƙuri'a ma 18. Ɗan majalisar dokoki 21. Shugaban ƙasa sai 40.

ƊANLAMI: Wato komai mai daɗi an kai shi nesa.

LAUYA: Akwai na kusa. Tun daga 12, in ka yi laifi, doka za ta iya tambayarka. Kotun yara tana nan.

ƊANLAMI: Ko da, misali, mutum ya ɗauki motar babansa da asuba ya goge katangar maƙwabci?

ALHAJI: Kai ne? Na kori bawan Allah a banza! Lauya, rubuta, yaron nan ɗan 11 ne. Katangar nan ba za ta ci sidi ɗaya nawa ba.

LAUYA: Alhaji, daga zamanka zuwa yanzu ka cire masa 14.

Hajiya Larai ta biyo ta wurin da kular waakye (shinkafa da wake) a ka. Ta sauke, ta gyara mayafi.

HAJIYA: Shekarun wa ake yanka kamar tsire?

LAUYA: Na Ɗanlami, Hajiya. Ko akwai takardar haihuwa?

HAJIYA: Ni ce takardar. Daren 2 ga Yuli 2010, daren da Gana ta buga da Uruguay, Asamoah Gyan ya buga fenariti ta daki ƙarfe. Ina naƙuda, Alhaji na birgima gaban talabijin. Da aka ce masa an samu namiji, cewa ya yi a sake bugawa.

LAUYA: Magana ta ƙare. Zai cika 18 a 2028, ya samu zaɓen Disamba. Trotro kuma sai 2035.

ALHAJI: 2035? Motar da yanzu ma sai an tura take tashi?

LAUYA: Saura ɗaya. Dokar nan ta ɗora wa iyaye ci da sha, wurin kwana, magani da karatun yaro har ya kai 18. In yana sakandare ko koyon sana'a, kotu na iya ƙara wa'adi.

ƊANLAMI: Baba, ka ji. Kuɗin abincin gobe, da na jiya da ka ce in yi azumi.

ALHAJI: Tambayi uwarka. Wadda ta riƙe ranar haihuwa ta riƙe ciyarwa.

HAJIYA: Na yarda. Miƙo makullin motar, ni zan ja. Na wuce 25.

ALHAJI: Ke? Ke da tun zamanin Shugaba Kufuor kike gaya wa matan biki shekarunki 24?

HAJIYA: Jiya na cika.