Kwamfuta malama ce, amma dara da mutum ake yin ta

Shekara biyu ke nan ina buga darar ces a waya, wadda littattafan fiƙihu ke kira shaɗaranji. Na san malamai sun yi saɓani a kanta. Ni dai sharaɗina biyu ne: ba caca, kuma ana kiran sallah nake ajiye waya ko da wasan zai kuɓuce mini. Abin da ke cina yau daban ne.

Daren jiya bayan isha'i ina zaune a ƙofar gida nan Mabera, zafi ya hana shiga ɗaki, na hau Lichess, manhajar buga ces ta intanet, aka haɗa ni da wani, minti goma-goma. Da farko ya yi ta tuntuɓe, har na cinye masa doki a banza. Can sai mutum ya rikiɗe. Kowane taku daƙiƙa shida ko bakwai yake ɗauka, mai wuya da mai sauƙi duk ɗaya, har inda sarkinsa ba shi da mafita sai guda. Bai sake kuskure ba. Da muka gama na sa aka duba wasan, sai ga shi kusan duk abin da ya taka daga nan shi ne zaɓin farko na Stockfish, injin kwamfuta mai buga ces, wato da shi yake satar taku. Na kai ƙararsa, amma wallahi na daɗe ban yi barci ba.

Ba cinye ni ne ya ɓata mini rai ba, an sha cinye ni. Da kwamfuta nake son karawa, ai tana nan a manhajar, mataki na 1 zuwa na 8, da kaina nake zaɓa. Kuma ina amfana da ita ƙwarai. Ita ta nuna mini ina fito da sarauniya da wuri, ina barin sarki a tsakiya ba kariya. Ba ta gajiya, ba ta yi maka dariya. Maganar wa ya fi ƙarfi kuwa an daɗe da rufe ta. Tun watan Mayun 1997 Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov a birnin New York, lokacin shi ne zakaran duniya. A 2016 wata kwamfuta, AlphaGo, ta ci gwani Lee Sedol huɗu da ɗaya a wasan Go, wata darar ƙasashen Asiya, wanda a da ake ganin ya fi ƙarfin na'ura. To me mutum ya ƙaru da shi in ya ari wannan ƙarfi ya danne ɗan'uwansa mai koyo?

Na tashi ina kallon dattawa suna dara a gindin dogon yaro. Gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya sha biyu, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara, ka jera uku ka ci ɗaya. Amma rabin wasan a fuska yake. Tsoho zai miƙa hannu kamar zai taɓa wannan ɗa, ya janye, ya gyara hula, yana satar kallon idon abokinsa. In ɗan kallo ya kuskura ya yi tari mai ma'ana, nan take za a kore shi, don an san sa baki cin amana ne. Kwanaki na nuna wa wani kawuna yadda nake karawa da na'ura, ya kalli wayar ya ce, "To kai ɗana, wagga aba in ka cinye ta tana jin kunya?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "Ashe kai ɗai kaka wasa."

Na yarda da shi. Daɗin karawa da mutum, ko ɗan Indiya ne ko ɗan Masar da ba za ka taɓa gani ba, shi ne ka san zuciyarsa na bugawa kamar taka. Kana jin tsoronsa a yadda ya yi jinkiri, kana ganin haɗamarsa in ya faɗa tarko. Saura daƙiƙa ashirin, data na neman yankewa, hannunka na rawa, ka tabbata shi ma haka. Wanda ya buɗe inji a gefe ya sace wannan duka, ya bar ka kana zuba tunani a gaban bango.

Abin da ya fi damuna, ba a nesa kaɗai ake yi ba. Da idona na ga wani ƙanenmu a majalisa riƙe da waya biyu, yana kwafe taku daga ɗaya zuwa ɗaya, yana nuna wa abokai makinsa na gwaninta ya haura 2000. Na ce ya ajiye guda mu buga ni da shi a kan allo na gaske, ina da shi a gida. Ya ce sai gobe. Allon na nan a zaure, ina jiransa bayan la'asar.