Na ba da na goro, aka bar ni da baƙin allo

Raina a ɓace yake, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu ofishin da zan iya kai wannan ƙarar.

Yaron da ya zo ɗaura min dish, wani maƙwabcina ne ya haɗa mu. Ya hau kwano da tsani, ya yi ta juya farantin yana leƙen 'yar na'urarsa mai ƙara, ƙanensa na ƙasa yana ihun "ya hau, ya sauka". Da sigina ta zauna na biya kuɗin aiki cif, na ƙara masa dubu biyu na shan ruwa don na ga yadda rana ta gasa shi. Ashe na goron nan ne ya nuna masa aljihuna. Yana naɗe waya sai ya rage murya: "Alhaji, kai ma biyan wata-wata za ka riƙa yi kamar kowa? Akwai dikoda da zan kawo maka, duk tashoshin ƙwallo a buɗe, Firimiya, Laliga, Kofin Zakarun Turai. Biya ɗaya, shi ke nan."

Ni kuwa lokacin kuɗin wata ya ishe ni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kamfanonin tashoshin nan ma suka bi sahu da ƙari a kan ƙari. Ka biya wata guda, wuta ta zo maka awa uku a rana, sauran kwanakin su ƙone a duhu, babu mai mayar maka da ko kwabo. Sai zuciya ta raya min ai ramuwar gayya ce.

Ya kawo wata 'yar dikoda mara suna, ya cusa mata layin waya, ya ce in riƙa sa mata data. Daga baya na gane yadda abin yake: wani ne can a wata ƙasa yake da katin gaske, yana rarraba mabuɗin ta intanet ga tarin mutane irina. Ranar da masu tashar suka canza mabuɗi, ko aka rufe sabar mutumin, wato kwamfutar da yake aiko da mabuɗin daga gare ta, kowa ya koma kallon bango. Wannan bayanin yaron bai yi min shi ba ranar karɓar kuɗi.

Wata biyu abu ya yi daɗi, har na fara yi wa abokai gori. Sai hoto ya fara daskarewa, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga ya tsaya cak kamar an ɗaure shi. In na kira, "Alhaji sai an yi mata sabon sofwaya", dubu uku. Bayan sati uku, "saba ce ta canza", dubu biyar. Iskar farkon damina ta ɗan karkata farantin, wannan ma da nasa kuɗin. Ina biya ɗayan da aka yi min alkawari?

Ranar 1 ga Yunin 2024 ce ta ƙarasa ni. Wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Wembley, Real Madrid da Dortmund, ƙarfe takwas na dare. Na sayi mai na zuba wa janareto, uwargida ta yi zoɓo, falo cike da maƙwabta har da surukina. Ana gama taken gasar allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu a tsakiya cewa tashar a kulle take. Na cire waya na mayar, na hura layin, na buga rimot a tafin hannu. Na kira yaron sau tara, a kashe. Ɗaya bayan ɗaya baƙina suka zura takalma suka nufi gidan kallon bakin titi. Ƙwallon Carvajal da ta Vinicius daga ihun unguwa na ji su, ina zaune da kofunan zoɓo da ba wanda ya taɓa.

To wa zan gaya wa? In je wajen 'yan sanda in ce an cuce ni a cinikin kallon sata? Dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta haramta karya makullin irin waɗannan tashoshi, ga kuma hukumar da ke kamen masu yi. Yaron ya san haka sarai, shi ya sa ba ya ba da rasit, ba shi da shago, lamba ce kawai a waya.

Da na yi lissafin dikoda da data da "sabuntawa" da na goron da nake miƙawa duk zuwa, na tarar ban tsira da komai ba, sai dai kunya a gaban suruki.

Shekaranjiya kuma sai ga kiransa da sabuwar lamba, ko gaisuwar kirki babu: "Alhaji, wata sabuwa ta shigo, wannan kam ba ta yankewa."