Takalman da Manchesta ta gama da su, da gwiwoyin 'yan Kaduna

A bakin ƙofar wani shagon kayan gudu da ke kudancin Manchesta akwai wani babban kwando. An rubuta a jikinsa cewa duk wanda takalminsa ya tsufa ya jefa a ciki, za a kai wa mabuƙata a Afirka. Dab da kwandon, ma'aikaciyar shagon tana riƙe da takalmin wani dattijo, ta kifa shi, ta danna ƙasansa da babban yatsa, ta ce masa wannan ya gama aiki, in ya ci gaba da gudu da shi gwiwarsa ce za ta biya. Dattijon ya sayi sabo, ya jefa tsohon a kwando, aka yi masa godiya.

Abin ya sosa min rai ƙwarai. Takalmin da aka yanke wa hukuncin cewa zai lalata gwiwar Bature, irinsa ne ake ɗaurewa a dila, ya ƙetare teku, wata rana a wanke shi fes a jera a Kasuwar Barci. Ba na zarginsu da mugun nufi, kuma takalmin zai yi wa mutum zuwa kasuwa da zuwa aiki har shekara. Gudu ne ba zai yi ba, kuma babu mai gaya wa yaron da ya saye shi.

Ga yadda shagon yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ba shi da girma. Bango ɗaya takalma ne, ƙafa ɗai-ɗai, ɗaya bangon safa da riguna da fitilun goshi. A can ƙurya akwai injin gudu, an kafa kyamara a bayansa daidai tsayin idon sawu. In ka shiga ba a fara tambayarka kalar da kake so. Tambayar ita ce kilomita nawa kake yi a mako, a kwalta ko a ƙasa, ina ke maka ciwo, ka zo da tsohon takalminka? Sai a auna ƙafafun duka biyu kana tsaye, tsawo da faɗi, don sau da yawa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma da babbar ake zaɓe. Sannan ka hau injin ka yi sassarfa ta kamar minti ɗaya, a nuna maka hoton a hankali, ka ga yadda diddigenka ke sauka da yadda idon sawu ke karkata ciki. Masu gaskiya a cikinsu za su ce maka kyamarar ba ta raba gardama, a gwada ƙafa uku ko huɗu, wanda ka ji daɗinsa kana gudu shi ne naka.

Ƙa'idojinsu kaɗan ne, kowa zai iya riƙewa. A bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi, in ba haka ba farce zai riƙa dukan gaba har ya yi baƙi ya cire. A gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudun da ita. Safar auduga tana riƙe gumi, ta jiƙe, ta goga fata har ta yi bororo. Diddige kada ya riƙa zamewa. Takalmi yana yin kilomita 500 zuwa 800 kafin soson da ke tsakanin tafinsa da ƙafa ya mutu. Kuɗinsa kuwa daga fam 120 zuwa 150 ne na yau da kullum, masu siririn faranti mai tauri a cikin tafi, na 'yan gasa, sun haura fam 200.

Da yammacin wasu ranakun mako, bayan an tashi aiki, shagon yakan koma mahaɗa. Mutane su ajiye jakunkuna a bayan kanta, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon sauri, kowane rukuni da jagora a gaba da wani a can baya wanda aikinsa kawai kada a bar kowa shi kaɗai. A watan Disamba duhu yake yi tun ƙarfe huɗu, ga yayyafi ga sanyi mai ratsa ƙashi, sai ka ga layin fitilu da riguna masu ƙyalli suna bin gefen titi. Ba a biyan ko sisi. Mai shago ya san lissafinsa, wanda ya yi gudu da kai wata shida ba zai je intanet ya sayi takalmi ba. Ranar Asabar kuma da ƙarfe tara na safe yawancinsu suna filin Platt Fields wajen parkrun, gudun kilomita 5 na kyauta da aka fara a Bushy Park ta Landan a 2004 da mutum 13.

Tsarin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya zauna a Ingila ya san dalilin da ya sa mutum zai fito cikin wannan sanyi. Da yawansu tun safe ba su yi magana da kowa ba sai ta kwamfuta. Maƙwabci ba ya sanin sunan maƙwabci. Wannan shagon shi ne majalisarsu, sai dai majalisa ce mai lokacin buɗewa da na rufewa, kuma da an dawo an miƙe jijiyoyi kowa ya kama gabansa. Mu a Kaduna ba ma buƙatar a rubuta mana rana da sa'a kafin mu haɗu. A je Dandalin Murtala da sassafe a ƙarshen mako, ko harabar filin wasa na Ahmadu Bello, a ga jama'a. Wanda bai fito kwana biyu ba, har gida za a bi shi a ji lafiya. Abin da suke ta fama su gina da talla da rangwame, mu da shi muka tashi.

Inda suka fi mu guda ɗaya ne: mai sayarwa ya san ƙafa. Namu ya san kaya, ya san na asali da jabu, ya san ciniki, amma in ka ce gudu za ka yi sai ya miƙo maka kambas mai kyan gani ya ce, "Alhaji, wannan sabo ne dal, ko takawa ba a yi ba." Shi ma ba yaudara yake nufi ba, saman yake kallo. Saman takalmin gudu kuwa yakan daɗe da kyansa bayan soson da ke tsakanin tafi da ƙafa ya riga ya mutu, kuma wannan soson shi ke shanye dukan kwalta.

Wanda zai sayi gwanjo, kuma yawancinmu shi za mu iya, ya duba da kyau. Ya kalli gefen soson, in ya ga layukan tamoji masu zurfi a kwance, an matse shi ya ƙi dawowa. Ya cire shimfiɗar ciki ya danna da yatsa, mai rai yana lotsawa ya taso, matacce ya yi tauri ko ya zauna. Ya ajiye ƙafa biyun a kan tebur ya kalle su ta baya, in ɗaya ta karkace to ta ɗauki tafiyar mai ita na farko, kuma za ta tilasta wa ƙafarka irin tafiyarsa. Ya kifa ya ga ko baƙar robar diddige ta cinye har farin soso ya leƙo. Ya ɗaga harshen takalmin, kamfanoni da yawa suna buga watan da shekarar da aka yi shi a wurin, tare da tsawon ƙafa a santimita, wanda ya fi lambar Ingila ko ta Amurka tabbas. Wanda ya daɗe a ajiye gam ɗinsa ya bushe, zafin Maris da Afrilu zai ɓanɓare tafin cikin 'yan makonni. Mai gyaran takalmi zai ɗinke maka shi, amma ba zai dawo da soso ba. Araha ba ta ado.

Sau da yawa ma laifin gaggawa ne. Saurayi ya kwana da niyya, ya tashi ya yi kilomita 10 a kan kwalta, bayan mako biyu ƙwauri ya kama ciwo, ko tafin ƙafa ya hana shi takawa da asuba, shi ke nan ya ce gudu ba nasa ba ne. Hukumar lafiya ta Ingila tana da shirin mako tara na masu fara gudu, sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Makon farko gudun minti ɗaya ne, tafiyar minti ɗaya da rabi, a maimaita. Wannan ba ya buƙatar injin gudu ko kyamara. Mai gwanjo ɗaya da ya san waɗannan abubuwa, ya ajiye ma'aunin tela da benci, ya ce duk Asabar bayan sallar asuba a haɗu a ƙofar rumfarsa, ya wadatar.

A watan Nuwamba na 2020 an yi gasar gudu ta Kaduna mai kilomita 21, 'yan Kenya suka kwashe manyan kyaututtukan. An ji daɗi, gari ya cika. Amma ni da za a tambaye ni, kilomita 5 kowane mako nake so, da mutum ɗaya a baya yana tafiya da na ƙarshe. Don waɗanda suka fi buƙatar abin ba samarin da ke Dandalin Murtala ba ne. Iyayenmu ne da likita ya ce wa hawan jini ko ciwon suga, su riƙa tafiya, suna jin nauyin a ga mai furfura yana sassarfa a titi a tambaye shi ko lafiya. Sai kuma mata. A shagon can na ga 'yan asalin Somaliya da Pakistan da hijabinsu da dogayen riguna, suna da rukuninsu da jagora mace, ba mai ɗaga kai ya kalle su. A Rigasa ko Tudun Wada, Hajiyar da aka ce ta rage ƙiba ina za ta? Muna da makarantu masu katanga da fili a kowace unguwa, safiyar Lahadi a rufe suke. Mai unguwa da limami da shugaban makaranta in suka zauna, maƙulli ɗaya ne da mai gadi ɗaya, daga ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi, kafin rana ta yi zafi.