Superman da 'yan ubansa

A ƙarshen watan Agusta, saura 'yan kwanaki a koma makaranta, na ɗauki ɗana muka je sayen jakar goyo. An rataye su jere, kowacce da hoton jaruminta. Na miƙa hannu na ciro mai Spider-Man, ja da shuɗi, wanda ko ni da na tashi a Fagge na san shi. Yaro ya girgiza kai, ya nuna ta kusa da ita: baƙa ƙirin, an zana wani abu mai haƙora zaƙo-zaƙo, harshe ya zubo har ƙirji.

"Baba, wannan nake so."

Na ce, "Kai, wannan ai bos ne."

Bai san bos ba, haihuwar nan ne. Sai da na zauna yi masa bayani cewa can gida mutum biyu muke zuwa kallo a silima, akta da bos, kuma in an dawo unguwa ana kwaikwayon fim, sai an yi rigima kafin a sami wanda zai yarda ya zama bos. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Sunansa Venom. Duk abin da Spider-Man ya iya, shi ma ya iya. Kuma shi ba mai yi masa faɗa."

Na biya kuɗin jaka, amma maganar ta biyo ni har gida.

Garin da muke zaune, Cleveland ta jihar Ohio a Amurka, nan ne mahaifar Superman. Samari biyu 'yan sakandare ɗaya, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa wannan nahiya, su suka ƙago shi. Ya fito a mujallar zane a 1938, suka sayar da shi a kan dala 130, cinikin da suka yi ta cizon yatsa a kansa har tsufa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, labarin farko da suka sa wa wannan suna, a 1933, labarin mugu ne. Wani talaka ne mai bin layin abincin sadaka, wani masani ya ɗura masa magani, ya sami ikon leƙa zukatan mutane da juya su, sai ya tasam ma mallake duniya. Ashe mugun ya riga nagarin zuwa da shekara 5.

Tun daga nan masu waɗannan mujallun zane ba su daina yi wa jarumansu tagwaye ba. A 1958 aka yi Bizarro, kwafin Superman da ya fito a karkace, fuska kamar fasasshen alli, magana a juye, komai ya taɓa sai ya ɓata ko da ya nufi alheri. Flash mai gudu, mai jan kaya, aka yi masa Reverse-Flash mai ruwan ɗorawa a 1963. Shekara na zagayowa aka ƙirƙiro wata duniya sukutum inda kowane jarumi yake da mugun takwara, Ultraman a madadin Superman, Owlman a madadin Batman. Shi kuma Venom ɗin da ke bayan ɗana, asalinsa baƙar riga ce da Spider-Man ya fara sawa a 1984, daga baya ta bayyana halitta ce mai rai da take cin halin mai sanye da ita. Da ya yage ta ya yar, ta je ta manne wa wani ɗan jarida mai riƙe da shi a zuci, a 1988 suka fito a matsayin abu guda. Wani mai karatu ne ya aika wa kamfanin Marvel shawarar baƙar rigar, suka ba shi dala 220. Fim ɗin Venom na 2018 ya tara sama da dala miliyan 800. Da alama arahar sayen basira al'adar gidan ce.

Waɗannan duka ban ga baƙon abu a cikinsu ba, domin mu ma da su aka yi mana reno, sai dai mu da sunansu muke kiran su: 'yan uba.

Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, kuma ba ta taɓa gajiya da ita ba. An kori 'yar bora ta je wankin ƙirgi a ruwan Bagaja. A hanya ta tarar da abubuwan da ya kamata su ba ta dariya ko tsoro, har da bukkar da cinya da kare suke zaune, cinya na gurnani, kare na fassara. Ta yi sallama, ta gaishe su, aka ba ta ƙwayar shinkafa guda da ƙashi aka ce ta dafa, ta dafa ba musu, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ba ta ƙwai, aka ce kada ta fasa sai inda ta ce "In fasa?" ta ji shiru. Ta bi umarni, dawakai da shanu da dukiya suka fito. Sai mowa ta ga abin, ta tura tata 'yar. Hanya ɗaya, bukka ɗaya, cinya da kare suna nan, ƙwayar shinkafa ita ce dai. Ita kuwa ta tuntsire da dariya, ta yi tsaki, ta fasa ƙwanta inda aka ce kada ta fasa.

Abin lura, kakata ba ta taɓa ce mana 'yar bora ta fi ƙarfi ko ta fi wayo ba. An ba su komai daidai don ka ga inda suka rabu, a hali. Ba don 'yar mowa ba, da sai mu ɗauka duk wanda ya je ruwan Bagaja dawowa yake da shanu. Aikin da Bizarro da Reverse-Flash da Venom suke yi ke nan. Suna tsayawa a gefen jarumi da ƙarfi irin nasa, don mai karatu ya gane cewa ba ƙarfin ne ya mai da shi jarumi ba. Ko a finafinan Indiya da muka yi ta kallo haka ne. A Don na 1978, Amitabh Bachchan shi ne ƙasurgumin ɗan fasa-ƙwauri, shi ne kuma talakan da aka sa ya shiga rigarsa, kuma ba wanda ya taɓa rikicewa kan wanda zai tafa wa.

Inda na rabu da mutanen nan shi ne sabon samfurin da suka ɗauko, wanda ba ya tsayawa a gefen jarumi, kujerarsa yake hayewa.

Ga Homelander a misali. Garth Ennis da Darick Robertson suka yi shi a mujallar The Boys a 2006, kamfanin Amazon ya mai da shi fim mai dogon zango a 2019. Yana tashi sama, harsashi ba ya huda shi, wuta na fita daga idonsa, alkyabbarsa tutar Amurka ce. Ko ba a faɗa maka ba ka san wa ake nufi. Amma a duniyarsa babu Superman na gaske da za a auna shi da shi. Shi ne Superman ɗin. Wani kamfani ne ya rene shi a ɗakin gwaji, yake sayar da murmushinsa kamar sabulu. Akwai inda 'yan ta'adda suka ƙwace jirgin sama, ya je ceto, ya lalata ɗakin matuƙi da gangancinsa, sannan ya lissafa ya ga ceton mutane zai tona masa asiri, ya fice ya bar jirgin ya faɗi da kowa, daga baya ya tsaya gaban 'yan jarida yana alhini. Omni-Man na labarin Invincible, wanda Robert Kirkman ya fara a 2003, shi ma haka: uba mai gashin baki, mai kare duniya, ashe ɗan leƙen asirin masu mulkin mallaka ne daga wata duniya. A wasan kwamfuta na Injustice, 2013, Superman kansa aka mayar kama-karya bayan an yaudare shi ya kashe matarsa. A fim ɗin Brightburn na 2019 ma ba su bari yaron ya girma ba, tun yana ɗan shekara 12 ya fara kisa.

Wani abokin aikina, Bature, ya taɓa ce mini a wajen cin abincin rana wai wannan shi ne gaskiya, duk wanda aka ba irin wannan ƙarfi haka zai zama, Superman kuwa labarin yara ne. Na gane inda ya dosa. Ƙasarsu ta yi shekaru tana gaya wa kanta ita ce mai ceton duniya, sai ga Biyetnam, ga Iraƙi a 2003, kuma The Boys ya fito shekara 3 bayan wannan mamayar. Ga wanda aka rena da wancan labarin, ganin mai alkyabbar tuta yana ƙona mutane da ido wani irin farkawa ne daga barci.

To ni wane barcin zan farka daga shi? Na taɓa tsayawa a shingen kan hanya ina kallon mai kaki yana sa dattijo tsallen kwaɗo, ba wanda ya ce uffan. Na taɓa faɗawa kwata da babur don ayarin wani babba ya taho da jiniya. Wurin da Homelander ya kashe mutum a bainar jama'a, magoya bayansa suka yi ɗan jim sannan suka ɓarke da shewa, abokin aikina ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Ni 'yan kore na gani, irin waɗanda in ubangida ya yi atishawa sai su ce ruwan albarka ne. Mai ƙarfin da ba shi da mai tsawata masa, mai jin yunwar yabo kamar jariri, ai ba sai na biya kuɗin wata-wata an nuna mini shi ba.

Wanda ban cika gani ba shi ne ɗaya mutumin. A unguwarmu akwai wani mahauci, tsohon ɗan dambe, hannunsa na dama kamar taɓarya, har da zanen tsagar magani a kai. Wata rana wani matashi, a kan cikon tsire, ya zage shi ta uwa ta uba, ya kai masa mari a gaban mutane. Kasuwar ta yi tsit. Mutumin ya kama wuyan hannun yaron, ya riƙe, bai murɗe ba, bai ɗaga nasa hannun ba. Ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce, "Je ka gida, ɗana," ya sake shi, ya koma yana juya nama a kan wuta. Shekara fiye da 30 ke nan, kuma na fi tuna wannan da duk wani faɗa da na taɓa gani. Hadisi ne sananne cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Shi ya sa nake ganin abokin aikina ya juya lissafin. Rubuta mai iko da ya lalace ba wuya, kowa ya san hanyar. Abin da ke neman gwaninta shi ne ka rubuta wanda zai iya rusa gari da hannu ɗaya, ya ƙi, kuma mai karatu ya yarda da kai.

Ba duka na kushe ba. Akwai Red Son na Mark Millar, 2003, inda kumbon jariri Superman ya sauka a gonar gwamnati a Yukren zamanin Tarayyar Sobiyet maimakon Kansas ta Amurka, inda ya sauka a labarin asali. Ya tashi da guduma da lauje a ƙirji, yana yi wa Stalin aiki, kuma ba mugu ba ne, yana son mutane da gaske, son ne ma ya kai shi ga hana su numfashi. Wannan tambayar kakata ce aka juya: in hali ɗaya ne, gidan reno ya bambanta fa?

Wanda ya fi taɓa ni kuwa Killmonger ne a Black Panther na 2018. Wannan 'yan ubanci ne tsagwaronsa, irin na gidan sarauta: ɗan baffan sarki, uban sarki ya kashe nasa uban, aka bar yaro maraya a Oakland ta Kalifoniya, ya girma yana jin labarin gida bai taɓa gani ba. Ya dawo ya nemi gadon sarauta bisa al'ada, ya kayar da sarki, ya sha maganin da ke ba da ƙarfi, ya sa irin rigarsa. Hanyarsa ta jini ce, amma ƙorafinsa gaskiya ne, har sai da sarkin ya canja manufar ƙasarsa saboda shi. Na kalli fim ɗin ɗana yana ɗan ƙarami, yana barci a cinyar uwarsa, na dube shi, yaron da aka haifa nesa da gida, wanda Hausarsa take tuntuɓe, ban ji daɗin tunanin da ya zo mini ba.

Da sabon fim ɗin Superman ya fito a Yulin 2025, wanda aka ɗauki wani sashe nasa a titunan Cleveland, mun je tare. An dawo da tsohon tsari: ga Superman mai tsayawa ceton ko da kurege ne ana tsakiyar yaƙi, ga wani Ultraman, kwafinsa da babban abokin gabarsa Lex Luthor ya ƙera, ƙarfi iri ɗaya, ba ya motsi sai an ba shi umarni. Su biyun a fili guda. Na ji kamar an dawo da ni tsakar gida, kan tabarma.

A daren da muka sayi jakar, na zaunar da shi na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Uwarsa ta raɗa masa amsar, ya ce, "Ta zo mu ji ta." Na ba shi ruwan Bagaja daga farko har ƙurunƙus, rabi da Hausa, rabi da abin da ya sawwaƙa. Cinya mai magana ta ba shi dariya sosai. Da na gama ya yi shiru, jakar Venom tana jingine a bakin gado, sannan ya ce, "Baba, ita 'yar mowar, bayan nan me ya faru da ita? Ai mamarta ce ta tura ta."

Na ce kakata a nan take tsayawa. Ya ce to ranar Lahadi in mun kira Kano zai tambayi Hajiya.