Tsoffin faya-fayan Baƙaƙen Amurka: wa ya tono su, wa ke cin riba?

A farkon shekarun 1970 akwai wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon WVKO da ke Columbus, jihar Ohio, sunansa Bill Moss. Ya buɗe ƙaramin kamfanin faifai mai suna Capsoul, ya tara samarin unguwa masu murya, ya buga musu faya-fayai. Kafin shekara biyar ta cika kamfanin ya durƙushe, daga baya ruwa ya lalata tef-tef na asali. Sai a 2004 wani kamfani na Chicago mai suna Numero Group ya bi sawu, ya tattara ƙananan faya-fayan garmaho da suka tsira a hannun mutane, ya nemi izinin Moss, ya fitar da waƙoƙin a kundi guda. Shi ne kundin farko na jerin da suka kira Eccentric Soul. Moss ya rasu a 2005, amma ya ga aikinsa ya dawo kasuwa kafin ya tafi.

Irin wannan kundi ya zama sana'a mai zaman kanta. Ace da Kent a Ingila, Tompkins Square, Light in the Attic da Luaka Bop a Amurka, duk suna tono kiɗan soul da waƙoƙin bishara na coci da ƙananan kamfanonin Baƙaƙen fata suka buga tun daga shekarun 1950 zuwa 1970. Ina goyon bayan wannan aiki, kuma goyon bayan nawa da sharaɗi yake, domin yabon da ake musu ya fara wuce gona da iri.

Mu fara da abin da ake tonowa. Mutane da yawa sun san Motown, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Motown ya zama giwa, sai aka manta da sauran namun dajin. Tun a 1921 Harry Pace ya kafa Black Swan a Harlem, ya buga Ethel Waters, kafin Paramount ya haɗiye kamfanin a 1924. A 1953 Vivian Carter, ita ma mai gabatar da shiri a rediyo, da James Bracken suka kafa Vee-Jay a garin Gary na Indiana, harafin farko na sunayensu ne ma sunan kamfanin. Su suka buga ƙungiyoyin bishara Staple Singers da Swan Silvertones, su ne kuma suka fitar da waƙoƙin Beatles a Amurka a 1963, lokacin da manyan kamfanoni suka yi musu kallon banza. A 1966 Vee-Jay ya karye. A Miami kuwa wasu tsoffin ɗaliban jami'ar Florida A&M, Willie Clarke da Johnny Pearsall, suka kafa Deep City, inda Betty Wright ta fara tana yarinya.

Ƙarƙashin waɗannan akwai ɗaruruwan da ba su taɓa kaiwa ko'ina ba: fasto da ya biya kuɗin situdiyo don mawaƙan cocinsa, mai shagon aski da ya buga faifai ɗari biyar ya riƙa sayarwa daga but ɗin motarsa. Abin da ya kashe su kusan ɗaya ne. Dillalan da ke rarraba faifai ba sa biya sai bayan watanni, wani lokaci ba sa biya sam, masana'antar buga faifai kuwa kuɗi hannu take so. Saboda haka waƙar da ta yi kasuwa takan fi wadda ba ta yi ba haɗari ga ƙaramin kamfani: oda na ƙaruwa, bashi na taruwa, aljihu wayam.

Ga inda nake ganin darajar kundayen nan. Mafi kyawunsu suna zuwa da ɗan littafi mai hotuna da tarihin mai kamfanin, wa ya kaɗa ganga, a wane titi situdiyon yake, me ya kawo ƙarshensa. Wannan tarihin kasuwancin Baƙar fata ne a zamanin da banki ba ya ba shi rance cikin sauƙi, kuma malaman jami'a sun daɗe ba su rubuta shi ba. A ɓangaren waƙoƙin coci abin ya fi muni. A 2005 Robert Darden na jami'ar Baylor a Texas ya rubuta a jaridar New York Times cewa faya-fayan bishara na Baƙaƙen fata suna ɓacewa. Wannan rubutu ne ya jawo tallafin da aka kafa cibiyar adana su a jami'ar, inda ake karɓar aron faifai, a wanke shi, a naɗe sautin a kwamfuta, a mayar wa mai shi. Wani abu da masu wannan aiki suka lura da shi ya tsaya mini a rai: sau da yawa gaban faifan yabon Ubangiji ne, bayansa kuwa waƙa ce kan gwagwarmayar neman 'yanci, an ajiye ta inda sai mai juya faifai zai ji.

To, sharaɗin nawa fa?

Na farko, kalmar "ɓatacce" da masu talla ke so. Waƙar da wata dattijuwa a kudancin Chicago ke rerawa tun tana budurwa ba ta ɓace mata ba. Wanda bai san ta ba shi ne mai saye na yau, wanda galibi Bature ne mai kuɗin sayen akwatin faifai mai tsada. Yawancin masu waɗannan kamfanonin sake bugawa ma fararen fata ne. Ba na ɗaukar wannan a matsayin laifi, domin ba su suka zubar da tef a bola ba, kuma in ba don su ba da wasu muryoyin sun tafi ke nan. Amma kunnen mai zaɓe shi ke yanke abin da duniya za ta ji. Mai tono faifai yana neman ganga mai nauyi da gitar da za ta tayar da 'yan rawa, sai ya tsallake waƙoƙi goma masu sanyi da jama'ar cocin suka fi ƙauna, ya ɗauki ɗaya mai zafi. Bayan shekaru mai sauraro sai ya zaci haka bishara take gaba ɗaya. Waƙar da aka yi don mutane su yi kuka a gaban Mahaliccinsu ta koma abin kaɗawa a gidan rawa.

Na biyu, kuɗi. Nan ne gaskiya ke da ɗaci, domin mallakar Baƙar fata ba ta nufin an yi wa mawaƙi adalci. Don Robey, wanda ya kafa Peacock a Houston a 1949, ya buga manyan ƙungiyoyin bishara irin su Dixie Hummingbirds da Mighty Clouds of Joy, amma an san shi da sa sunan aro na Deadric Malone a kan waƙoƙin da wasu suka rubuta. A 1973 ya sayar da kamfanin ga ABC. Idan yau an biya wanda ke riƙe da takardun mallaka, ba lallai ne sisi ya kai ga jikokin wanda ya rera ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ko gardin fari ne ko baƙi. Doka ma ta makara: sai a 2018 dokar tarayyar Amurka ta shigar da sautukan da aka naɗa kafin 1972 cikin tsarin biyan lada na kafofin saurare ta intanet.

Shi ya sa nake auna kowane kundi da tambaya ɗaya, shin sun nemi mutanen? Misalin da ya fi burge ni ma daga Columbus ya fito. A cikin kayan gwanjon wani mai situdiyo da ya rasu aka tsinci tef na gwaji mai ɗauke da sunan Penny and the Quarters, ba wanda ya san ko su wane ne. Numero ya sa waƙar a kundi, fim ɗin Blue Valentine na 2010 ya yi amfani da ita, ta zagaya duniya. Kamfanin ya yi cigiyar mawaƙan yana ajiye kasonsu, sai a 2011 aka gano Penny da 'yan'uwanta maza. Shekara wajen arba'in bayan waƙar da suka yi suna matasa, haƙƙinsu ya same su. Haka Syl Johnson, wanda mawaƙan gambarar zamani suka daɗe suna gutsurar sautinsa, ya samu cikakken akwatin waƙoƙinsa a 2010 yana da rai yana hawa dandamali, kuma bai ji kunyar kai masu gutsurar kotu ba. Fasto T.L. Barrett shi ma yana raye aka sake buga faifansa na 1971, har Kanye West ya ɗauki muryarsa a 2016.

Wannan sana'a ta riga ta iso ƙofarmu. Luaka Bop ne ya fitar da kundin William Onyeabor na Enugu a 2013, a shekarar kuma Sahel Sounds ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani na Nijar wanda aka naɗa a 1978. Duk mai kaset na tsoffin makaɗa a kwali ƙarƙashin gado, ko tef a ɗakin ajiyar wani gidan rediyo, zai iya ganin baƙo wata rana da kwantiragi a hannu. Kafin ya sa hannu ya duba ko aro ne na wasu shekaru ko sayarwa ce ta har abada. Kamfanin faifai na Stax da ke Memphis bai duba da kyau ba, sai a 1968 ya gano cewa wani sharaɗi a takardar da ya sa wa hannu da kamfanin Atlantic ya miƙa wa Atlantic mallakar kusan duk waƙoƙin da ya buga, har da na Otis Redding.