Raba shara a wurin aiki, amma wa zai kwashe?

Malam, wannan batu da kuka kawo na sa shaguna da ma'aikatu su riƙa ware roba daban, takarda daban, ragowar abinci daban, ba laifi. Mu a Kantin Kwari ai tuni muke ware kwali da buhu, don 'yan gwangwan suna saye a kilo. Abin da ba ya kawo ko sisi shi ke ƙarewa a kwata, musamman ledar fiya wata, damina na zuwa ta toshe magudana. Kuma ko kwanduna uku ka jera, yaron da ke kwasa a baro wuri ɗaya zai juye su. Kamata ya yi REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, ta fara ware ranar kwasar kowane iri tukuna, sannan a yi maganar cin tara.