Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba kullum take kashe dafinta ba

Jama'a, akwai maganar da ake yawan yi kan nama da kifi: "Ai in dai ya ji wuta, shi ke nan." Ni kam ban yarda ba.

Wuta tana kashe ƙwayar cuta, gaskiya ne. Sai dai wasu kafin su mutu sun riga sun zuba dafinsu a abincin. Wata ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus tana zaune a fata da hancin mutane da yawa da ke lafiya ƙalau. Ta sauka kan nama daga hannun mai yanka, a bar naman cikin ɗumi, to dafin da za ta yi ko an tafasa yana nan daram. Cikin 'yan awoyi amai ya turnuƙe mutum. Haka kifi irin su tuna da sadin: in ya daɗe babu ƙanƙara bayan kamu, ƙwayoyin cuta kan tara masa sinadarin histamin, kuma ba lallai ya yi wari ba. Mutum ya ci, fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya hau ƙaiƙayi, ya ɗauka kifin ne kawai bai karɓe shi ba.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 duk shekara, 420,000 su rasu. Amurka ma sai da wata ƙwayar cuta mai suna E. coli O157:H7 ta kama sama da mutum 700 a 1993, yara 4 suka mutu, kafin a 1994 aka haramta sayar da niƙaƙƙen naman shanu mai ɗauke da ita, aka fara gwada shi.

Inda nake da ja shi ne irin gwajin. Rainon ƙwayar a faranti a ɗakin gwaji yana cin kwanaki, gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittarta, awoyi ne, amma dukansu ƙwayar suke farauta. A dafaffen nama kuwa ta riga ta mutu: faranti ya fito fes, dafi na ciki. Dole a nemi dafin da kansa. Kuma fa ɗan kaɗan ake yanka a kai ɗakin gwaji daga kaya mota guda. Duk wanda ya nuna min takardar gwaji, zan tambaye shi awa nawa naman ya yi a waje kafin ya shiga firij.